Inda Ƙafar Alkasum Ta Taɓa Ƙasa

Alkasum mai gyaran keken ɗinki gajere ne. Mutanen Birnin Konni ba su taɓa ɓoye masa wannan ba, shi ma bai taɓa yi musu musu ba. A Alela aka haife shi, a gidan masu amalanke, inda kowane namiji sai ya sunkuya kafin ya shiga zaure. Alkasum ya yi ta girma har ya kai wani wuri, wurin ya yi masa, ya tsaya. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ƴan shekaru, kullum a bencin gaba, abin da ya sa mahaifiyarsa ta daɗe tana zaton shi ne na ɗaya a aji.

Daga nan aka kai shi Konni koyon ɗinki wurin wani tela a bakin kasuwa. Keken na ƙafa ne. In Alkasum ya zauna yadda hannunsa zai kai allura, ƙafarsa ba ta kai matakin keken. In ya zame ƙafar ta kai, sai ya koma kallon ɗinkin daga ƙasa. Maigidan nasa mutum ne mai haƙuri. Ya ce tunda dai a ƙarƙashin keke yake wuni, ya riƙa duba abin da ke damun keken. Haka Alkasum ya zama mai gyara, kuma ya ƙware. Kafin shekara ta dubu biyu babu telan da ke tsakanin Konni da Malbaza da Illela da bai san jakarsa ta fata ba, mai ƴan ƙarafa da kwalbar mai a ciki.

Mai bin kasuwanni yana bukatar abin hawa. Da wani proje, shirin tallafin noman rani, ya tashi aka rabu da baburansa, Alkasum ya ba da kekunan ɗinki biyu da ya tayar daga mutuwa, ya karɓi babur guda. Irin dogayen nan ne da aka yi domin daji, masu sirdi can sama kamar na raƙumi. A cikin yashi babu kamarsa, kuma Alkasum ya iya tuƙa shi sosai. Tsayawa ce bai iya ba. In ya taka birki, ƙafar dama ta shiga neman ƙasa, ta hagu ma haka, kuma kafin ɗaya ta samu, babur ya riga ya zaɓi gefen da zai kwanta.

Da bulo ya magance matsalar. Wani magini abokinsa a Malbaza yana ba shi bulon siminti, shi kuma duk inda aiki ke kai shi sai ya ajiye ɗaya a bakin hanya. Ƙofar kowane tela tana da bulon Alkasum. Zai taho, ya rage gudu, ya ɗora ƙafar hagu a kai, ya sauka kamar kowa. In zai tafi ya taka ya hau. Jandarmomin da ke shingen Tsarnawa sun ajiye masa tsohuwar taya, domin sun gaji da ɗaga babur daga kan mutumin da suka tsayar. Inda babu bulo kuwa, Alkasum ba ya tsayawa. Yakan ɗaga hannu ya yi sallama da ƙarfi, amsar ta same shi a gaba in tana da sauri.

Ya auri Gimbiya, ƴar Malam Bawa na Badaguishiri, wani dattijo mai garka, wato lambun albasa da kabeji, a cikin kwari. Gimbiya ta fi shi tsawo, kamar yadda kowa ya fi shi, kuma wannan bai dame ta ba. Duk zuwan da aka yi na neman aure a mota aka yi shi, da rakiyar manya, saboda haka maganar babur ba ta taso ba.

Bayan biki ta taso. Akwai wata kasuwar ƙauye a can cikin kwarin, mai teloli da yawa da tsofaffin kekuna, inda Alkasum ke zuwa duk mako. Hanyarta ɗaya ce: a sauka daga kwalta a Badaguishiri, a bi wani lungu mai zurfin yashi, shingen ƙaya dama da hagu. Lungun nan ta ƙofar garkar Malam Bawa ya bi, kuma a nan dattijon ke zama da hantsi, a inuwar itacen bedi, wato dogon yaro, shi da abokan hirarsa. Yaron da aka yi wa tarbiyya ya san abin da ake yi in an zo wucewa ta gaban suruki: a tsaya, a sauka, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Alkasum an yi masa tarbiyya. Da sassafe ya shiga lungun da ƙafa ya ajiye bulo kusa da bedin tun dattijon bai fito ba.

Malam Bawa ya fito ya ga bulo mai kyau a yashe a bakin hanya. Ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga mai shi ba, ya ɗauka ya kai gindin itace. Daidai zaman alwala.

Da hantsi Alkasum ya taho, ya rage gudu, ya miƙa ƙafar hagu. Babu bulo. Akwai suruki. Ya janye ƙafar, ya murɗa mai, ya wuce da sallamarsa a baki.

Mako na gaba ya kawo wani bulon. Shi ma ya koma gindin bedi. Haka aka yi ta yi har damina ta shigo ta fita. Malam Bawa ya sa aka jera bulullukan aka shafe su da laka, ya samu dakali mai ɗaukar mutum huɗu. Yakan gaya wa baƙi cewa motocin siminti ne ke zubar da su, ko da yake babu motar da ta taɓa shiga lungun. A kan dakalin nan yake zama duk ranar kasuwa, yana kallon mijin ƴarsa yana wuce shi kamar wanda aka biyo.

Alkasum ya gwada wata dabara. Akwai rijiya mai bakin siminti a can gaba; yakan tsaya a nan, ya dawo da ƙafa ya yi gaisuwa. Wannan ya ƙara ɓata abin. Malam Bawa yakan amsa a taƙaice, in ya tafi ya ce wa abokan zamansa, "Kun gani ko? Sai ya wuce, kana shi tuna da akwai mutane."

Mutum zai ce ai magana ɗaya ta isa ta warware wannan. Ta isa, amma babu mai faɗinta. Alkasum ba zai durƙusa gaban surukinsa ya yi masa bayanin tsawon ƙafarsa ba, balle ya ce dakalin da kake kai nawa ne. Malam Bawa bai taɓa hawa babur ba. Jaki ya sani, wanda kowane irin mutum ke zamewa daga bayansa in ya ga dama. Abokan hirarsa kuwa sun san komai, musamman wani maƙwabcinsa Inusa, amma ba kullum ake samun abin kallo kyauta a lungun garka ba, sai suka yi shiru.

Da cikin fari na Gimbiya ya tsufa, ta tafi gidansu haihuwa kamar yadda aka saba. Ta haifi ƴa mace. Alkasum ya zo suna a mota da ragonsa, aka sa wa yarinya Saratou, aka ci aka watse lafiya. Gimbiya ta gama wankan jego. Aka yi ta sa ido, ba a ga an maido ta ba. Alkasum ya tura kawunsa ya ji ko lafiya. Malam Bawa ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi buhun albasa, sannan ya ce, "Babu komi. Maigidan nata mutum na mai sauri. Ran da ya samu lokacin tsayawa, sai mu yi magana."

Alkasum ya je ya samu Gimbiya a ɗakin mahaifiyarta, tana ba yarinya nono.

Ta ce, "Malam, kai dai ka tsaya. Ko faɗuwa ta, ka faɗi."

"Gaban Baba? In kwanta cikin rairai, babur bisa kaina, hula can, takalmi can?"

"To ai ka tsaya ke nan."

"Ke ki faɗa mishi mana."

"In ce mi? In ce Baba, mijina ƙafarshi ba ta kai ƙasa? Da wane baki? Ni da ko sunanka ban iya kamawa gabanshi." Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Ni dai nan ina shan kunun kanwa, ana yi min wanki. Kai aka bari da dafa shinkafa."

Gaskiya ce. Ya koma Konni ya ci gaba da dafa shinkafa, wadda ba ta taɓa nuna iri ɗaya sau biyu ba.

Cikin waɗanda yake yi wa gyara akwai matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai suna Hassane, Bazabarme daga Doso da aka turo aiki bakin iyaka. Hassane ƴar ƙaramar mobilet gare shi, babur mai kamar keke, amma babu labarin babur a duniya da bai sani ba, domin wani ɗan'uwansa a Faransa yana aiko masa da tsofaffin mujallun masu babura. Ran nan Alkasum yana zaune a tabarma da kan keke a cinyarsa, Hassane ya baje mujallun yana ba shi labari.

"Ka ga wannan? Ranar hutu ce. Sai su taru a wata hanya da aka rufe, wadda ta zagaya ta dawo inda ta fara. Tun safe suna zagayawa har la'asar."

"Ina za su?"

"Babu."

"Wa sunka ɗauko?"

"Babu kowa. Su ne ma ke biya a bar su su zagaya."

Alkasum ya ce Allah shi ba su lafiya, ya ci gaba da goge ƙarfe. Hassane ya buɗe wani shafin, na masu ɗaukar baburansu su tafi ƙasashen mutane yawo, ba fatauci ba ziyarar dangi, su tsaya gaban duwatsu a ɗauke su hoto. Alkasum ya leƙa don kada a ce bai leƙa ba. Sai ya ajiye tsumman hannunsa. A hoton akwai wani ƙaton Bature mai gemu a kan wani babur dogo ta tsaye, gajere ta sama, hannuwansa a miƙe kamar mai shanya, a bayansa wani dutse mai farin kai. Alkasum bai ga dutsen ba. Ƙafafun mutumin ya gani, duka biyun a shimfiɗe a ƙasa.

"Mushe Hassane, wanga mutum dogo na?"

"Ina zan sani? A zaune yake."

"Dubi gwiwarshi. A lanƙwashe take."

"Haka irin baburan suke. Na shan iska ne, an yi su don mutum ya zauna kamar a falonsa." Hassane ya dubi hoton, ya dubi Alkasum daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. "Kai ma taka za ta kai. Wataƙila."

Shekarun nan ne baburan Sin suka cika Konni, ana shigo da su a kwali ana haɗawa a bakin titi. Alhaji Rabi'u, mai shago a hanyar iyaka, ya taɓa samun wani baƙo a cikin kayansa: ƙaramin ɗan'uwan na cikin hoton, baƙi, mai ƙyalli ko'ina, sirdinsa faffaɗa a can ƙasa. Ƴan kabu-kabu, masu haya da babur, suka zo suka zagaya shi. Ba wurin ɗaura jarka, ba wurin aza buhu, fasinja na biyu ma sai dai ya bi da ƙafa. Suka sa masa suna Kwanta-huta, suka watse. Watanni yana tsaye a shagon, Alhaji na zama a kansa in zai ci tuwon rana.

Alkasum ya zo ya ce a ba shi ya ɗana. Ya ɗaga ƙafa ya ƙetara, ya zauna, ya saki ƙafafunsa kamar yadda ya saba sakinsu a iska. Sai suka ci karo da ƙasa. Duka biyun, har da dunduniya. Ya daɗe a haka, har Alhaji ya tambaye shi ko cikinsa ne ke ciwo.

Aka yi musaya. Alhaji ya karɓi dogon babur, wanda masu bin hanyoyin daji da jarkoki suka daɗe suna roƙo, Alkasum ya tura Kwanta-huta gida. Kowannensu ya kwana yana tausayin ɗan'uwansa.

Bai garzaya Badaguishiri ba. Ya ce sai ya koyi abin da ya rasa. Da la'asar in ƴan lakwal sun tashi, yakan je filin ƙwallonsu ya yi ta zagayawa. In ya zo daidai raga sai ya taka birki, ya sauke ƙafa biyu, ya jingine babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida ƙarfen raga, ya tashi ya sake zagayowa. Hassane ya zo kallo a kan mobilet ɗinsa, ya ce, "To, ka zama Bature. Saura biya." A cikin gari kuwa Alkasum ya shiga tsayawa ko'ina, yana gaida mutanen da ya shekara da shekaru yana wucewa, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Lokacin ana shirin zaɓen ƙananan hukumomi, mutane da dama suka ɗauka takara zai tsaya, har wani ya yi masa alkawarin ƙuri'un unguwarsu.

Ranar kasuwar cikin kwari ya sa farar riga da sabuwar hula, ya kama hanya. A kan kwalta Kwanta-huta sarki ne. Alkasum ya jingina baya, ya miƙe ƙafa, iska na shiga hannun rigarsa. A shingen Tsarnawa jandarma ya tura masa taya da ƙafa bisa sabo. Alkasum ya tsaya nesa da ita, ya gaishe shi cikin natsuwa, ya wuce.

A Badaguishiri ya sauka daga kwalta ya shiga lungun garka. A nan ya gano abin da mujallar Hassane ba ta nuna ba, domin duk hotunanta a kan kwalta aka ɗauke su. Babur mai sirdi a ƙasa cikinsa ma a ƙasa yake. Tayar gaba ta fara lilo, ta baya ta fara haƙa, cikin babur ya dafe yashi kamar kaza a kan ƙwai. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Alkasum ya ɗaga kai. Ga bedi can gaba, da ɗan nisa, ga dakali cike da dattawa, duk sun juyo.

Ya yi tunanin ya buga injin, amma mutum ba ya tsayawa yana harbin ƙarfe da ƙafa surukinsa na kallo. Ya sauka. Takalminsa ɗaya ya nutse a yashi, sai ya cire ɗayan ma ya rataye su a hannun babur. Ya kama turi. Kwanta-huta ya fi kamarsa nauyi, kuma yashin ya riga ya ɗauki zafi. Ya tura, ya huta, ya tura, farar rigar ta manne masa a baya. Da ya iso gindin bedi ya jingine babur, ya zube a ƙasa, ba don ladabi kaɗai ba. Numfashinsa bai dawo ba, saboda haka gaisuwar ta fito a hankali, ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Baba... ina kwana... an tashi lafiya?"

Malam Bawa ya dubi sawun taya tun daga inda ya faro, ya dubi takalman da ke rataye, ya dubi zufar. Sannan ya amsa gaisuwar, doguwa, har da tambayar mutanen Alela. Ya juya wajen abokansa.

"Kun gani? Tun daga can ya kashe injin. Ko ƙara bai so ta dame mu. Kuma ba takalmi. Cikin ɗiyan zamanin ga, wa ka yin haka?"

Inusa maƙwabci ya kama tari mai tsanani, har sai da aka miƙa masa buta.

Malam Bawa ya miƙa sandarsa ya taɓa sirdin Kwanta-huta. "Wanga ya fi natsuwa. Ni na san ba halinka na ba. Wancan dogon shi ya ɓata ka."

Alkasum ya ce, "Haka na, Baba." Bai taɓa faɗin gaskiya mai sauƙi kamar wannan ba.

"Tashi ka shiga gida ka sha ruwa. Ka ce ma su uwar ɗiyar su fara ɗaurin kaya."

Bai je kasuwa ba ran nan. Gimbiya ta fito ƙofar gida da Saratou a baya don ta ga abin da yara ke ta yi wa ihu. Ta zagaya babur, ta sunkuya ta ga yashin da ya cushe a cikinsa, ta ɗago.

"Kafewa ka yi."

"Tsayawa ni yi."

"Malam, ka dubi Allah."

"An ce ki ɗaura kaya ko ba a ce ba?"

Ta yi dariya har yarinyar ta farka. Ta ce ita dai ba ta hawa gadon asibiti da jaririya, a nemo mota. Washegari aka kawo ta Konni a mota, da garar haihuwa da buhunan albasa a sama, Alkasum na biye a baya, yana tsayawa duk inda motar ta tsaya, wani lokaci har inda ba ta tsaya ba.

Kwanta-huta ya daɗe a hannunsa. Ya taɓa ƙetara iyaka da shi har Sakkwato sayen allurai da bel na keke, tafiyar da Hassane ya ce ita ma yawon ƙasashen waje ce, sai dai an manta ba a ɗauki hoto ba. Lungun garka kuwa bai taɓa ƙetare shi a kan sirdi ba. Duk ranar kasuwa yakan kafe inda ya saba kafewa, ya turo zuwa gindin bedi, ya yi gaisuwa, ya bar babur a hannun surukinsa, ya hau amalanken masu kabeji ya ƙarasa. Malam Bawa yana korar awaki daga jikinsa, yana rufa masa tabarma in rana ta juyo.

Dattijon bai bar abin a cikinsa ba. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a bakin masallaci, yakan ba da labarin mijin ƴarsa na Konni da inda yake kashe inji. Sauran dattawan garin suka ga su ma ba su rasa surukai masu babura ba. Kafin rani ya zagayo, samari da dama a Badaguishiri sun koma turin baburan da lafiyarsu ƙalau, cikin yashi, ba takalmi. Alkasum yakan tsaya ya gaishe su in ya gamu da su a hanya. Ba duka ke amsawa ba.